Takalman da Ba a Zo Karɓa Ba

"Wannan shi ne na uku," in ji Matar Lauya. Ta ɗaga takalmin da yatsu biyu kamar mushen ɓera. "Na uku, Baba. Ni ba zan riƙa sayen takalma ina ciyar da karyarka ba."

Ina tsaye a matakala da jakar cefane, na rasa gaba zan yi ko baya. Ƙofarmu da ta Baba Mai Takalmi suna kallon juna a hawa na uku, kuma ba yadda zan kai tamu sai na ratsa tsakaninsu. Sai na tsaya ina karanta sanarwar ɗauke ruwa da aka manna a bango tun bara.

Baba ya miƙa hannu ya karɓi takalmin. Ja ne mai tsini, an tauna igiyar bayansa har ta zama kamar tsumma. Ya juya shi, ya danna da babban yatsa, ya kai shi kusa da tabaransa.

"Gam kawai suka shafa miki," ya ce. "Ko ɗinki babu. Ko ba ta taɓa shi ba, wata biyu zai yi ya buɗe baki."

"Ban zo neman shawara ba."

"Bar shi nan. Zai fi yadda kika sayo shi."

"Da fitsarin ƙofata fa? Shi ma ɗinke shi za ka yi?"

Mai laifin ta leƙo ta tsakanin ƙafafunsa. Watanta huɗu, fara ce mai ɗigon ruwan ƙasa a ido ɗaya, irin ƙananan karnukan nan da ko sun girma ba sa wuce kyanwa. Abokinsa mai gyaran agogo ne ya kawo masa ita a cikin kwalin takalmi, wai don ya sami abokin hira. Baba ya sa mata suna Ƙusa, saboda ƙanƙantarta da kuma yadda take shiga ƙarƙashin ƙafar mutum.

Da Matar Lauya ta sauka, sai ya kalle ni ta saman tabarau.

"Mai Digiri, kin gama karanta bangon? Zo, ina da aiki."

Shekara shida muna maƙwabtaka, amma ranar na fara shiga ɗakinsa. Abin da ya fara tarbata shi ne warin fata da man goge takalmi. Takalma ne ko'ina. A kan kanta, a ƙarƙashin gado, a jere a gindin bango, kowane biyu an ɗaure su da zare, an rubuta lamba da alli a ƙasansu. Na maza, na mata, na 'yan makaranta. Waɗanda aka kawo masa gyara ne ba a dawo karɓa ba, har aka rushe layin shagunansu shekara huɗu da suka wuce. Shi kuwa mai gyaran yana zaune ba takalmi, domin ƙafafunsa sun kumbura har babu wanda yake shigarsa.

Ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya yi magana.

"Likita ya ce zuciyar ta gaji. Na tambaye shi wata nawa, sai ya fara gyara takardu a tebur. To na gane." Ya shafa kan Ƙusa da yatsa ɗaya. "Ni ban damu ba. Wannan ce damuwata. Mai gidan nan ya ce don darajata ya ƙyale ta, ranar da na fita ta fita. Ku kuma Ummanki tana da asma."

Na gyaɗa kai. Ko rigar da na taɓa kare da ita sai na cire a baranda kafin Umma ta daina tari.

"Saura 'yata. Ita kuma tana da mai rarrafe, ga mijinta, surukina Mai Tsafta, wanda yake goge cokali kafin ya ci abinci a gidansa. Sun ce za su karɓe ta in ta yi kwana goma sha huɗu a jere ba ta ɓata ɗaki ba, ba ta ci kayan kowa ba. In ba haka ba, sai gidan karnukan da ke bayan gari." Ya dubi Ƙusa. "Na taɓa zuwa wurin. Ba na son ta je."

"To me zan yi, Baba?"

"Ba ke kika yi jami'a ba? Duba mana a wayar nan taki. Ni na yi mata nasiha har na gaji. Na zaunar da ita kamar yadda nake zaunar da masu koyon aiki, na yi mata bayani, tana kallona kamar ta gane, ina juya baya ta tsuguna."

Ban gaya masa cewa tarihi na karanta ba. Aikina gyara wa ɗalibai rubutun kammala karatu ne, a gida nake yi, don haka lokaci ina da shi. Na kwana biyu ina karatu a kan 'yan kwikwiyo, na cika shafi uku na littafin rubutu, na koma masa.

Maganar fitsari ta fi sauƙin ganewa. Matakala arba'in da biyu ce daga ƙofar Baba zuwa ƙasa. Da farko yana iya sauka da ita, amma dole ya huta a hawa na biyu, ya dafa bango ya nemi numfashi na minti biyar. Ita kuma marar tata ba ta kai ƙwai girma ba. Kullum a nan suke tsayawa, kullum a nan take saki. Ƙusa ba rashin kunya take yi ba. Ta ɗauka ne ƙofar Matar Lauya ita ce wurin da ake kawo ta.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ashe ni na koya mata. Kada ki gaya wa matar nan, za ta kai ni kotu, ga lauya a gida kyauta."

Muka tsara. Da ta farka, da ta ci abinci, da ta gama wasa, sai in ɗauke ta a hannu, ƙafarta ba za ta taɓa ƙasa ba sai mun kai 'yar ciyawar da ke bayan wurin ajiye motoci. Wuri ɗaya kullum, kalma ɗaya kullum. In ta yi, a yaba mata nan take, a ba ta ɗan guntun nama. In ta yi a ɗaki, babu duka, babu faɗa, a wanke wurin sosai har warin ya fita. Na wanke hawa na biyu sau uku da sabulu da ruwan tsami. Baba ya kwashe kayan aikinsa daga babban akwatin katako, ya cire gefe ɗaya, ya shimfiɗa tawul, ya zama ɗakin kwananta, domin kare ba ya son ɓata inda yake kwana.

Tagar Baba tana kallon ciyawar. Ya ja kujerarsa can. Duk lokacin da Ƙusa ta tsuguna, in na ɗaga kai, sai in ga hannunsa a sama kamar alƙalin wasa. Da yamma, in ba ta yi ɓarna ba, ya ja layi ɗaya da alli a bayan ƙofa don lissafin kwanakin.

Maganar tauna ce ta yi wuya.

"Haƙora take fitarwa," na ce masa. "Dole ta tauna wani abu. Me kake ba ta?"

"Nata nake ba ta mana." Ya nuna wani tsohon takalmin makaranta a gindin gado, ta cinye rabinsa. "Na zaɓo mata waɗanda ba su gyaruwa. In ta ƙoshi da nata, me za ta yi da na mutane?"

Na daɗe ina kallon littafina kafin na iya faɗa.

"Baba, ba ta san nata da na mutane ba. A wurinta takalmi takalmi ne. Muddin ana ba ta ɗaya, duka nata ne. An ce a daina ba ta, kuma a kawar da su duka daga inda za ta kai, har ta manta."

"Duka?"

"Duka."

Ya dubi kantocin, ya dubi gindin bango.

"Kayan mutane ne, Mai Digiri. Amana ce. In mai lamba talatin da bakwai ya zo fa?"

"Ya san gidan nan?"

"Mutum in yana son takalminsa zai tambaya."

Ba na iya musu da manya, da ƙanana ma ba na iyawa. Na sayo mata ƙashin roba da igiya mai ƙulli, na jiƙa tsumma na sa a firij don dasashinta. Ta yi wasa da su kaɗan, ta koma ga takalminta.

Layi biyar ne a bayan ƙofa ranar Asabar da Anti ta zo. Haka nake kiran 'yar Baba. Malamar makaranta ce, doguwa, kullum da alamar ba ta sami isasshen barci ba. Ta kawo masa magani da abinci a kula, ta ajiye yaronta a kan tabarma, ta cire masa 'yan takalmansa shuɗaye ta aje a gefe. Baba yana ta nuna mata allin.

"Biyar. Ko ɗigo babu. Ki gaya wa Mai Tsafta ya fara share mata wuri."

"Baba, ka sha na safe?"

"Na sha. Ki dubi ƙofa, ina miki magana."

"Na gani. Ƙafar nan ta ƙara kumbura."

"Ƙafa ce, ba ta da wani aiki, dole ta nemi abin yi."

Muna cikin haka na lura ɗakin ya yi shiru irin wanda na fara tsoro. Na leƙa ƙarƙashin gado. Ƙusa tana kwance da takalmin yaron tsakanin hannuwanta, ta riga ta cire maɓallin, tana juya shi a baki.

Anti ce ta sa yatsa ta zaro maɓallin. Ta riƙe shi a tafin hannu, jiƙe da yawu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da a gidana ne, ta tofar da wannan a ƙasa, shi ya ɗauka ya sa a baki. Ka gane abin da nake faɗa, Baba? Ba mugunta nake yi ba."

"Zan mayar da maɓallin, minti biyu ne."

"Ba maganar maɓallin nake yi ba."

Bayan ta tafi, ya tashi da ƙyar, ya dafa bango har ƙofa, ya goge layukan biyar da gefen hannunsa. Ya tsaya yana kallon farin da ya rage a hannun.

"Gobe ki zo da buhuna," ya ce.

Kwana biyu muka yi muna kwashewa. Da ni kaɗai ce, awa ɗaya ya isa. Amma kowane takalmi sai ya bi ta hannunsa. Ya goge ƙura, ya shafa mai, ya duba ɗinkin da ya yi shekara biyar ko takwas da suka wuce. Sunayen masu su duk sun ɓace masa, ƙafafunsu ne bai manta ba.

"Wannan direban bas ne, dubi yadda na dama ya cinye. Wannan kuma wata ce mai jan ƙafar hagu, na ƙara mata tsayi kaɗan ban gaya mata ba. Ta dawo tana cewa bayanta ya daina ciwo, wai maganin asibiti ne." Ya ɗauko wani baƙi mai sheƙi. "Wannan ango ne. Ya kawo a buɗa masa, yana matse shi. Na ce ya dawo Laraba."

"Bai dawo ba?"

"Wataƙila amaryar ce ta fasa. Ko kuma ya gane ba takalmin ne ke matse shi ba."

Ƙusa tana cikin akwatinta tana kuka, ganin ana kwashe dukiyarta. Ƙafa sittin da ɗaya muka ƙirga. Na kira masu tattara tsofaffin kaya don rabawa mabukata, suka turo mota. Kafin su zo, Baba ya ce in miƙo masa basilla da zare. Ya zauna ya gyara jan takalmin Matar Lauya. Hannunsa yana rawa, sai da na zura masa zaren, amma da ya fara ɗinkin rawar ta tsaya. Ya yanko sabuwar igiya daga guntun jar fata, ya ɗinke ta ciki da waje, ya yi wa ɗayan ma haka don su zo daidai.

"Kai mata. Ki ce in ya tsinke ta kawo ƙara."

Na ajiye a ƙofarta, na ƙwanƙwasa, na gudu sama kafin ta buɗe.

Sannan na ɗora guduma da basilla da sauran guntayen fata a saman kwaba, inda Ƙusa ba za ta kai ba. Shi ma ba zai kai ba. Na share ɗakin, na buɗe taga. Kantocin suka zama fayau, sai zanen ƙura inda takalman suka zauna. Baba ya ja iska ta hanci, ya sake ja.

"Ɗakin ya daina warin komai," ya ce. "Kamar asibiti."

"In rufe tagar?"

"Bar ta. Yau dai na san na ajiye aiki."

Muka fara sabon lissafi. Kwana ukun farko Ƙusa ta yi ta zagaye gindin bango tana shinshina, ta gwada ƙafar kujera, ta gwada wayar fanka. Duk abin da ta kama, sai in karɓe a hankali in sa mata igiyarta a baki, in ta kama in yaba mata. Baba ya ƙirƙiro tasa dabarar. Ya ɗaura igiyar a sandarsa kamar mai kamun kifi, yana zaune yana jan ta, ita tana tsalle tana gurnani da muryar da ba ta kai ta sauro ba. Rana ta huɗu ta ɗauki igiyar da kanta ta kai akwati. Rana ta shida ta je bakin ƙofa ta zauna, ta kalle ni, ta yi ɗan kuka.

"Kin ji?" in ji Baba. "Izini take nema. Akwai masu digiri da ba su iya wannan ba. Ban da ke."

Rana ta bakwai na gwada ta. Na cire silifas ɗina na bar shi a tsakiyar ɗaki, muka yi kamar muna hira. Ta je ta shinshina, ta sa haƙori ɗaya. Na ce, "A'a." Ta saki, ta tsaya tana tunani, ta tafi ta ɗauko igiya. Baba ya ba ta naman da ke cikin abincinsa duka. Dama ba ci yake ba.

Layukan suna ƙaruwa, shi yana raguwa. Ya daina kwanciya, a kujera yake barci, domin in ya miƙe numfashi yana ƙin zuwa. Anti tana zuwa kullum bayan an tashi makaranta. Ta roƙe shi ya koma asibiti, ta roƙe shi ya koma gidanta.

"In na gama sha huɗu," ya ce.

"Baba, kare ne fa."

"Ni ma ban ce minista ba ce."

Ta fita baranda ta daɗe. Da ta dawo idonta ya yi ja, ta ce hayaƙin motoci ne.

Rana ta tara ya kasa zuwa ƙofa, sai na ja shi da kujerar har can. Ya ƙi ba ni allin. Layin ya fito a karkace, amma shi ya ja shi.

"Mai Digiri," ya ce, "in ba na nan ranar, ke za ki yi mata magana. 'Yata tana da zuciya mai kyau, gajiya ce ta yi mata yawa. Sai an yi mata magana."

"Ni ban iya magana ba, Baba."

"Na sani. Shekara shida kina gaishe da takalmana maimakon fuskata. Amma kina gani. Abin da kika gani za ki faɗa, shi ke nan."

Rana ta goma sha ɗaya, bayan ta ci na rana, na sauka da ita. Rana ce mai haske, wani yana wanke mota yana sauraron rediyo. Ƙusa ta zagaya sau biyu, ta tsuguna. Na ba ta namanta, na ɗaga kai.

Yana nan a taga. Na ga farar sumarsa, kansa ya jingina da katakon. Hannun bai tashi ba. Na jira. Na ɗaga nawa hannun, abin da ban taɓa yi ba, na kaɗa shi.

Ban san yadda na hau matakalar ba. Na dai tuna ban sauke Ƙusa ba har na shiga. Tabaransa ya zame zuwa kan hanci, bakinsa a ɗan buɗe, sandar da igiyar suna kan cinyarsa. Na kira shi sau uku. Na taɓa hannunsa, da sauran ɗumi. Sannan na kira Umma, Umma ta kira Anti.

Washegari ɗakin ya cika. Ban san Baba yana da mutane haka ba. 'Yan uwa, tsofaffin maƙwabtan shago, mai gyaran agogo yana zaune a lungu yana share hawaye da hula. Da sassafe na fitar da Ƙusa kafin a fara zuwa. Da jama'a suka yi yawa, mijin Anti ya sa ta a banɗaki ya rufe, don tana bin ƙafafun mutane tana neman mai ita. Ban ga laifinsa ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya lokacin fitarta ne. Na sani. Na fito daga ƙofarmu, na tsaya. Daga ƙofar Baba zuwa banɗakin taku bakwai ne, amma a cike yake da mutanen da ban sani ba, kowa zai ɗago ya kalle ni, sai na gaishe su ɗaya ɗaya, sai wani ya tambaya 'yar wace ce, sai in ce kare na zo ɗauka, a gidan rasuwa. Na ce bari su ragu. Na koma ciki. Sha biyu na sake fitowa, sun ƙaru. Ta cikin bango ina jin ɗan kukan nan nata na neman izini. Na zauna a bakin gadona da hannuwa a cinya, ina jin ta, har ta yi shiru.

Ƙarfe biyu saura na shiga. Ban san me na ce wa mutanen ba. Na buɗe banɗakin na rufo.

Ta yi a daidai bakin ƙofa, inda ta zauna tana jira. Ita kuma ta koma bayan bokiti ta dunƙule. Da ta gan ni ba ta taso ba, ta kwantar da kunnuwa.

Na durƙusa na fara gogewa da tsumma. Da na yi sauri, babu wanda zai sani. Ina cikin matsewa ƙofar ta buɗe, Anti ta shigo da kofuna a hannu za ta wanke. Ta kalli tsumman, ta kalli ƙasa, ta rufe ƙofar da bayanta.

"Ta yi?"

Ruwa ne, zan iya cewa. Banɗaki ne, ko'ina ruwa.

"Ta yi," na ce. Muryata ta fito ƙarama. "Amma ba ita ba ce. Tun sha ɗaya take kira, ina jin ta. Ni ce na kasa shigowa, saboda mutane. Awa shida ta riƙe, Anti, ba a taɓa barinta ta wuce uku ba. Dubi inda ta yi, a bakin ƙofa. Da da hannu da ta buɗe." Na ji hawaye yana zubo min amma maganar ta ƙi tsayawa. "Kwana goma sha ɗaya ba ta ɓata ko'ina ba. Takalman da ke waje yau sun fi talatin, da safe ta bi ta cikinsu ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ya ba da takalmansa duka saboda ita. Ya ce in gaya miki abin da na gani. Abin da na gani ke nan."

Anti ta ajiye kofunan a kan wurin wanke hannu. Ta jingina da ƙofa ta zame har ta tsuguna, zaninta yana taɓa jiƙaƙƙen ƙasa.

"Na ɗauka don ya san zai tafi ne ya rabar da su," ta ce. "Ban tambaye shi ba. Tsoro nake ji ya ce e."

A waje wani yana ba da labarin yadda Baba ya taɓa ƙin gyara wa wani babban mutum takalmi don ya miƙo masa da ƙafa. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"Saura nawa ne?" ta ce.

"Da uku ne. Yanzu sai an sake daga farko. Haka yake yi, ba ya yarda a tsallake."

"Ai na san shi." Ta share fuska da bakin mayafi. Ta daɗe tana kallon bayan bokitin. "To a sake. A gidana za a sake. Ki rubuta min lokutan, da abin da ake ce mata. Ki rubuta da manyan baƙi, mijina ne zai yi na safe."

"Ya yarda?"

"Bai sani ba tukuna."

Bayan kwana uku suka zo kwashe kayan. Ba su da yawa. Gado, kujera, kwaba, akwatin katako da tawul a ciki. Na ba Anti shafi biyu, ta karanta a tsaye, ta ninke ta sa a jaka. Ta ɗauki Ƙusa a miƙe da hannu biyu, nesa da jikinta, kamar tukunya mai zafi.

"Kafin ku shiga mota," na ce, "ki kai ta ciyawar can. Kuma kada ki zuba mata ido, ba ta yi in ana kallonta."

"Har da kunya?"

"Kaɗan."

Na tsaya a barandarmu. Mijin ya riga ya tayar da mota, yaron yana baya a kujerarsa. Anti ta sauke Ƙusa a ciyawa, ta juya mata gefe, ta harɗe hannuwa tana kallon bangon maƙwabta. Ƙusa ta shinshina nan, ta shinshina can, ta bi wata tururuwa, ta dawo. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Mijin ya leƙo ta taga, ya duba agogonsa, ya dubi matarsa a tsaye cikin rana ba ta motsa ba. Sai ya mayar da kansa ciki, ya kashe motar.